Teɓa Ba Arziki Ba Ce: Darasin Da Korona Ta Bari A Durumi

Ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta fita daga matsayin annobar da ke bukatar matakan gaggawa a duniya baki ɗaya. Tun kafin wannan rana ma jama'ar ƙasar nan sun riga sun naɗe tabarmar zancen. Takunkumin rufe hanci ya koma tsumma, bokitan wanke hannu da aka jera a ƙofofin kasuwanni da tashoshin mota sun koma na wanki. Ba aibu ba ne mutum ya so mance wahala, amma hasara ce babba a sha wuya irin wannan a tashi ba a riƙe kome ba. Annobar ta bar darussa, kuma akwai guda ɗaya daga cikinsu wanda ya shafi kowane ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, ko da kuwa shi bai taɓa kwana a asibiti ba.

Darasin shi ne, nauyin jikin mutum a ranar da aka kai shi asibiti yana daga cikin abubuwan da suka nuna ko zai fito da ƙafarsa ko kuwa sai dai a ɗauko shi. Likitoci a ƙasashe dabam-dabam sun ƙirga, sun auna, sun kuma tarar cewa masu ƙiba sun fi shiga matsanancin hali, sun fi bukatar injin numfashi, sun kuma fi rasa rayukansu. Wannan kuwa ya ci karo da abin da Bahaushe ya tashi ya tarar, watau cewa teɓa alamar arziki ce, wuya mai ninki kuma shaidar kwanciyar hankali. Lokaci ya yi da za a sake duba wannan tsohon ra'ayi, tun wata annobar ba ta zo ta sake dubawa da kanta ba.

UNGUWA ƊAYA, DUNIYA BIYU

Mai son ganin wannan al'amari da idonsa ba sai ya ƙetare teku ba. Ya isa ya tsaya a Durumi, wata unguwa ta Abuja da ke daura da Area 1 ta Garki, maƙwabciyar Gudu da Gaduwa. Unguwa ce ta baƙi, kamar dai Sabo ta Badun ko Agege ta Ikko. A cikinta akwai manyan gidaje masu dogayen katangu da mai gadi a ƙofa, akwai tsoffin matsugunan Gbagyi waɗanda birni ya zo ya tarar, akwai kuma rumfunan 'yan ci-rani masu dako da shayi da gyaran takalma. Har wa yau a nan ne dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, galibinsu daga Gwoza ta Jihar Borno, suka kafa sansani tun wajen shekarar 2014. Saboda haka a cikin tafiyar 'yan mintoci a ƙafa mutum yakan wuce gidan da ake zubar da ragowar abinci, ya isa bukkar da ake kwana da yunwa.

A shekarar 2020 cutar ta kewaye wannan unguwa ta kowane gefe. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu a Ikko, sa'an nan ran 30 ga Maris dokar zaman gida ta fara aiki a Abuja da Ikko, ba a sassauta ta ba sai ran 4 ga Mayu. A Gaduwa, nan kusa, babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, watau NCDC, yake, inda aka riƙa kai samfurin majinyata. Waɗanda cutar ta kayar kuwa aka riƙa kwantar da su a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da Babban Asibitin Ƙasa, da wurin killacewa na Idu. Ran 18 ga Afrilu kuma aka yi jana'izar Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, a maƙabartar Gudu, bayan rasuwarsa a Ikko kwana guda kafin nan.

Ganin manya ne aka fara ji sun kamu, sai talakawa da yawa suka yanke hukunci cewa wannan cutar masu hawa jirgin sama ce. Ba a daɗe ba Kano ta ƙaryata su. A cikin watan Afrilun nan masu haƙa kabari suka fara kokawa da yawan gawarwaki, daga baya kuma, cikin watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 daga cikin ɗari korona ce sanadi ko ita ce ta ƙarasa su bisa wata larurar da suke da ita tun can. Ashe cutar ba ta leƙa aljihu. Abin da take dubawa shi ne shekarun mutum da kuma irin jikin da ta tarar, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙiba kuwa tana daga cikin manyan tsagogin da aka gano.

ABIN DA SIKELI YA FAƊA

Kafin a kawo alƙaluma, ya kyautu mai karatu ya san yadda likitoci ke awon ƙiba, don ba da ido suke yi ba. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa na mita wanda aka ninka da kansa. Misali, mutum mai tsawon mita 1.70, in an ninka tsawon da kansa zai ba da 2.89. In nauyinsa kilo 70 ne, awonsa ya kama 24, watau daidai wa daida. In ya kai kilo 75 awonsa ya zama 26, nauyi ya fara wuce kima. In ya kai kilo 90 awonsa ya haura 31, wannan ita ce ƙibar da likita ke kira cuta. In kuwa kilo 52 ne kacal, awonsa 18 ne, watau rama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 lafiya lau, daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce sosai.

Tun a watan Afrilun 2020 likitocin asibitin birnin Lille na Faransa suka lura da abin. Daga cikin majinyata 124 da suka kwantar a ɗakin masu matsananciyar jinya, kusan rabi masu ƙiba ne, kuma a cikin waɗanda awonsu ya haura 35, fiye da takwas cikin goma sai da aka ɗora su bisa injin numfashi. Cikin watan Agusta na wannan shekara wasu masana a ƙarƙashin Farfesa Barry Popkin na Jami'ar North Carolina ta Amurka suka tattara bincike 75 daga sassan duniya suka haɗa sakamakonsu. Suka tarar cewa mai ƙiba in ya kamu, haɗarin kwanciyarsa asibiti ya ninka na marar ƙiba fiye da sau biyu, haɗarin shigarsa ɗakin matsananciyar jinya ya ƙaru da kashi 74 daga cikin ɗari, haɗarin mutuwarsa kuma ya ƙaru da kashi 48.

A watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fito da nata lissafin, wanda ya ƙunshi baligai 148,494 da aka duba a asibitoci 238. Rabinsu masu ƙiba ne sosai, fiye da rubu'insu kuma nauyinsu ya wuce kima. Wani zai ce ai dama Amurkawa masu jiki ne, kuma gaskiya ne. To amma abin lura shi ne haɗarin ya riƙa hawa ne daki-daki tare da nauyi, kamar mai taka tsani. Waɗanda suka fi tsira su ne masu awon 24 zuwa 26. Waɗanda ba su kai shekara 65 ba, amma awonsu ya kai 45, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu.

Wata guda bayan haka masana na Jami'ar Oxford ta Ingila suka buga binciken da ya fi kowanne faɗi, domin ya shafi mutum miliyan 6.9. Sun ga cewa da zarar awo ya wuce 23, kowane ƙarin lamba ɗaya yana ƙara haɗarin kwanciya asibiti da kashi 5 daga cikin ɗari, haɗarin shiga ɗakin matsananciyar jinya kuma da kashi 10. Abubuwa biyu a cikin wannan bincike sun cancanci a ja layi a ƙarƙashinsu. Na farko, illar ƙiba ta fi tsanani ga 'yan shekara 20 zuwa 39, ta riƙa raguwa da yawan shekaru, har ta kusan ɓacewa ga waɗanda suka haura 80. Na biyu, ta fi tsanani ga baƙar fata a kan farar fata. Watau ke nan matashi baƙar fata mai tumbi, wanda yake ganin ƙuruciya za ta tsare shi, shi ne ƙiba ta fi yi wa ɓarna. Wannan kuwa ita ce siffar dubban 'yan kasuwar Arewa da ke zaune a Kudu.

Ko shugabanni ba su kuɓuta ba. Firayim Ministan Ingila na lokacin, Mista Boris Johnson, an kwantar da shi asibitin St Thomas na birnin Landan ran 5 ga Afrilun 2020, kashegari aka shigar da shi ɗakin matsananciyar jinya, ya fito da ƙyar ran 12 ga wata. Daga baya shi da bakinsa ya ce nauyinsa ya yi yawa a lokacin da cutar ta same shi, cikin watan Yuli kuma gwamnatinsa ta fito da shirin yaƙi da ƙiba.

YADDA KITSE KE SHAƘE MAI SHI

Dalilan ba boyayyu ba ne. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani tantani mai ƙarfi wanda ke sauka ƙasa duk sa'ad da mutum ya ja numfashi, don huhu ya sami wurin buɗewa. In kitse ya cika ciki, sai ya tokare wannan tantani, ƙasan huhu ya kasa buɗewa sosai, balle in mutum ya kwanta rigingine. Lafiyayye ba ya jin wannan sai in ya hau bene. Amma ranar da cuta ta cika huhu da ruwa, ɗan wurin da ya rage shi ne tsakanin rai da mutuwa. Shi ya sa likitoci suka riƙa kifa majinyata rub da ciki don bayan huhu ya buɗe. Kifa mutum mai kilo 120 wanda ke jone da bututu kuwa aiki ne na mutum biyar ko shida, a asibitin da wataƙila ma'aikatan jinya biyu ne ke aikin dare.

Bugu da ƙari, kitse ba kaya ba ne da aka ajiye kawai kamar buhun gero a rumbu. Nama ne mai aiki, yana fitar da wasu sinadarai da ke sa jiki cikin wani ɗan kumburi na ciki a kullum, kamar garwashin da ke ƙarƙashin toka. In ƙwayar korona ta shigo, garkuwar jiki ta tashi faɗa, sai wutar ta wuce kima ta koma cin huhun mai ita. Haka kuma jinin mai ƙiba ya fi saurin daskarewa, korona kuwa dama tana sa jini ya yi gudaji a cikin jijiyoyi, ya toshe hanyar huhu ko ta ƙwaƙwalwa. Sa'an nan ƙiba ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Ciwon sukari da hawan jini su ne 'yan rakiyarta, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya nauyaya jinyar korona. Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci, domin tun a annobar murar aladu ta shekarar 2009 suka fara ganin masu ƙiba suna cika ɗakunan matsananciyar jinya.

RAMA MA BA TSIRA BA CE

Kada wani ya ji wannan ya ce to ashe yunwa gata ce. Binciken Amurka da na Ingila duka sun nuna cewa haɗarin yana da baki biyu. A lissafin Amurka, ramammun da awonsu bai kai 18.5 ba sun fi masu matsakaicin jiki kwanciya asibiti da kashi 20 daga cikin ɗari. Jikin da ba shi da tsoka ba shi da guzurin da zai ci a kwanakin zazzaɓi, garkuwarsa kuma ba ta da abin yaƙi. Sau da yawa ma ramar alama ce ta wata cutar da ke ɓoye, kamar tarin fuka.

Nan ne Durumi ta zama madubin ƙasa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa daga cikin matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 28 daga cikin ɗari nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne, alhali kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A makonnin zaman gida na 2020, mai gidan bene ya zauna gaban talabijin yana ci yana ƙara nauyi, ɗan dako da matar sansani kuwa, waɗanda sai sun fita suke ci, suka ƙara ramewa. Kayan tallafin da aka tanada, waɗanda jama'a suka fasa rumbunansu a Gwagwalada da wasu garuruwa cikin Oktoban wannan shekara, galibi shinkafa ce da taliya da garin kwaki da sukari, abincin da ke kashe yunwa amma ba ya gina jiki.

Akwai kuma wani abu da likitoci suka daɗe da lura da shi: yaron da ya tashi cikin ƙarancin abinci, in ya girma ya sami yalwa, ya fi saurin tara kitse a ciki da kamuwa da ciwon sukari. Saboda haka yaron bukka da Alhajin bene ba lalle mutum biyu ba ne. Sau da yawa mutum ɗaya ne, shekara ashirin ce kawai tsakaninsu.

DAGA GONA ZUWA BENCI

Wannan shi ne tarihin 'yan Arewa da dama a Kudu. Saurayi ya bar ƙauye jikinsa kamar sanda, ya saba da noma da tafiyar ƙasa, abincinsa tuwon dawa da miyar kuka da fura. Ya sauka Ikko ya fara dako a kasuwar Mile 12, ko tura baro, ko sayar da ruwa. In ya yi sa'a ya sami jari, sai ya koma zama: ɗan canji bisa benci tun safe har magariba, dillalin shanu a rumfar Oko-Oba ta Agege ko Lokpanta ta Jihar Abiya, ɗan goro a Shagamu, direban tanka da ke kwana bakwai cikin mota yana jiran lodi a Apapa. Aikin ƙarfi ya tafi, amma cikin da aka saba cikawa yana nan. Karin kumallo burodin Agege ne da shayi mai madara da sukari cokali huɗu, da rana teba ko shinkafa da mai ya kwanta a kai, da dare taliyar indomi biyu da ƙwai a teburin mai shayi, kowanne kuma a kora da lemon kwalba. Kwalba guda ta rabin lita tana iya ɗauke da sukari kimanin giram 50, watau fiye da cokalin shayi 10. Da haka teba kan haifi teɓa.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yabon da ke biyo baya. In ɗan ci-rani ya koma gida da Salla yana haki cikin babbar riga, sai a ce ƙasar ta karɓe shi, a fara yi masa tayin aure. In ya koma yadda ya tafi, sai a yi ta raɗa cewa ko dai ba ya samu, ko kuwa wani ciwo yake ɓoyewa. Mata sun fi shan wannan matsi. Amarya in ba ta yi jiki ba a ce miji ba ya ciyarwa, mai jego in ba ta cika ɗaki ba a ce uwar miji ba ta kula. Daga nan wasu kan faɗa wa magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake saya a kantin magani ko hannun 'yan talla ba tare da takardar likita ba.

Ga abin mamaki: ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba shi ne dexamethasone, maganin da binciken da aka yi a asibitocin Ingila ya nuna cikin Yunin 2020 cewa yana rage mutuwar masu korona da ke bisa injin numfashi da sulusi. A hannun likita, na 'yan kwanaki, ga wanda ke bukatar iskar oksijin, magani ne mai ceton rai. A hannun yarinyar da ke shan sa wata da watanni don kumatu su fito, guba ne, domin yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ta da sukari da hawan jini, yana sassaƙe ƙashi, yana kuma kwantar da garkuwar jiki. Masu iya magana sun ce ƙiba daban, kumburi daban. Wannan kumburi ne aka saya da kuɗi.

MASU CEWA ABIN YA WUCE

Akwai masu cewa ai korona ba ta yi wa Nijeriya wata ɓarna ba, tun da alƙaluman hukuma sun tsaya a kan mutum wajen 267,000 da suka kamu, da 3,155 da suka rasu. Amsarsu ita ce, waɗannan alƙaluma na waɗanda aka gwada ne kaɗai, kuma babban abin da ya tsare ƙasar nan shi ne ƙuruciya, domin kusan rabin jama'arta ba su wuce shekara 18 ba. Ƙuruciya kuwa riga ce ta aro. Yaran nan za su girma, kuma a birane za su girma, cikin burodi da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma biranen Afirka suna bin sahu da sauri.

Gaskiya ne kuma cewa tsufa ya fi ƙiba haɗari a jinyar korona, gaskiya ne cewa masu ƙiba da yawa sun warke, siraran mutane da yawa kuma sun rasu. Amma ba wanda zai iya rage shekarunsa, alhali kowa na iya rage cokalin sukarinsa. Ko da korona ba ta sake dawowa da ƙarfi ba, ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda ba su je ko'ina ba. Su ne ke sa a ɗauko magidanci ɗan shekara arba'in da biyar daga Ikko a bayan mota, a kai shi gida ya ƙarasa, jarin da ya tara shekara ashirin kuma ya ƙare a wankin ƙoda.

ABIN YI

Matakin farko a hannun mutum yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Dillalin shanu yana iya duban sa ya faɗi nauyinsa, ɗan gwari ya san nauyin kowane kwandon tumatir, amma da wuya a sami wanda ya san nasa. Wanda ba shi da sikeli ya nemi igiya, ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar biyu ba su haɗu ba, to kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar likitoci ita ce kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsawo. Daga nan sai gyara: a rage sukari a shayi sannu a hankali, lemon kwalba ya koma na ranar biki, a koma wa wake da ganye da zogale da dawa da gero, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a kuma yi tafiyar ƙasa ta rabin sa'a sau biyar a mako, wadda ita ce minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Wanda ya haura shekara arba'in ya gwada jininsa da sukarinsa ko da sau ɗaya a shekara. Mai shan sha-ka-fashe kuwa kada ya yanke shi dare ɗaya, domin yankewar gaggawa tana da nata haɗarin. Ya je wurin likita a janye masa a hankali.

Mataki na biyu na shugabannin jama'a ne. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa, suna da ikon da likita ba shi da shi, domin maganarsu ake ji. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida ba za ta kasa sayen sikeli da na'urar awon jini ta ajiye a ofishinta ba, ta kuma gayyato ma'aikacin lafiya sau ɗaya a wata. Iyaye mata da surukai su sassauta wa amare da masu jego. Kuma kada wannan magana ta zama dalilin yi wa masu jiki ba'a. Wasu gado ne, wasu haihuwa ce, wasu magani ne ya jawo musu, gori kuwa bai taɓa rage wa kowa ko kilo guda ba, sai dai ya sa mutum ya ƙi zuwa asibiti don kunya.

Mataki na uku na hukuma ne. A ƙasar nan mata masu ciki da jarirai ne aka saba ɗorawa bisa sikeli, namiji baligi kuwa yakan yi shekaru bai hau ba. Ya kamata ya zama ƙa'ida a kowane asibiti da ɗakin shan magani, tun daga na unguwanni irin su Durumi har zuwa asibitocin koyarwa, a auna nauyi da tsawon duk wanda ya zo, a rubuta, a kuma gaya masa ma'anar abin da aka gani. Harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, zai fi ma'ana in an ga kuɗinsa a wuraren gwajin sukari kyauta a kasuwanni. Hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna su tsananta a kan masu sayar da dexamethasone barkatai. Wuraren samar da iskar oksijin 38 da Gwamnatin Tarayya ta amince a kashe wa Naira biliyan 6.45 a Janairun 2021 suna bukatar kulawa ta kullum, domin injin da aka bari ya yi tsatsa ba ya ceton kowa ranar bukata. Tallafin abinci ga 'yan gudun hijira kuma ya haɗa da wake da gyaɗa da kifi, kada ya tsaya a taliya da sukari.

Wanda ya bar garinsu ya tafi Kudu, jikinsa ne jarinsa na farko, kuma da shi ake sa ran zai dawo. Iyalin da ke jiran saƙo a Katsina ko Sakkwato ko Gwoza ba su da wani inshora in ban da lafiyar mai aikowa. Annobar 2020 ta nuna a fili cewa tumbin da ake yi wa kirari a zaure kaya ne mai nauyi a gadon asibiti, ramar da ake gani a sansani kuma ita ma ba ta da kariya. Tsakanin biyun nan lafiya take, kuma igiya guda ta isa ta nuna wa kowa inda ya tsaya. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.